BAƘON MAKO UKU: YA GANI, AMMA YA SANI?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinsa su bi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, maganar wannan mako a kan tafiya take, da kuma abin da ya halatta matafiyi ya faɗa game da mutanen da ya ratsa ƙasarsu idan ya komo gida.

Duk wanda ya taɓa yini a tashar motar Illela ya san garin ba ya rabuwa da matafiya. Ga fataken shanu da raƙuma, ga masu albasa daga wajen Galmi, ga 'yan ci-rani daga Adar da Tawa masu nufin kudu, ga almajirai da allunansu, ga masu zuwa biki ko ta'aziyya Birnin Ƙonni. Kowanne daga cikinsu in an tambaye shi abin da ya fito da shi, amsarsa a bakinsa take. Amma a shekarun 1970 da na 1980 akwai wani irin matafiyi da ke ɓullowa jefi-jefi, wanda amsarsa ba ta gamsar da dattawa. Samarin Turawa ne, maza da mata, da jaka goye a baya, waɗanda kan ƙetaro Sahara ta Aljeriya, su biyo ta Agadas da Tawa har Ƙonni, wasu su wuce Yamai, wasu su karkato Nijeriya. Ba fatauci ya kawo su ba, ba neman karatu ba, ba su kuwa da dangi a nan. Sun zo gani ne kurum, kwana ɗaya ko biyu su ƙara gaba.

Tawayen Abzinawa da yaƙin basasar Aljeriya sun kashe wannan hanya a shekarun 1990. Al'adar kuwa ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, ta koma wasu ƙasashe, musamman tsibiran da ke yankin zafi. Yanzu ba Turawa kaɗai ke yin ta ba. 'Ya'yan Larabawa da na Asiya sun shiga, kuma cikin samarin ƙasar Hausa waɗanda Allah ya hore wa, ko masu karatu a waje, akwai masu sha'awarta. Mutum ya ɗauki hutun mako uku, ya zuba tufafinsa kaɗan a jakar goyo, ya ratsa ƙasa guda daga wannan gefe zuwa wancan, ya komo da hotuna da labari.

A ɗauki misalin Siri Lanka, tsibirin da ke kudu da Indiya, wanda Larabawa suka sani da Sarandib, Turawa kuma suka kira Silon har zuwa 1972. Faɗinta bai kai na Jihar Neja ba, don haka mai mako uku yana iya zagaye yawancinta. A 2018 baƙi fiye da miliyan 2 suka shiga ƙasar. Hanyar da masu jakar goyo suka saba bi sananniya ce. Daga Kolombo su nufi Sigiriya, su hau dutsen da wani sarki ya gina fadarsa a kai a ƙarni na 5. Su gangaro Kandi, inda mabiya addinin Buda ke da babban ɗakin bautarsu. Su haura ƙasar tuddai inda gonakin shayi suka lulluɓe duwatsu, wadda Turawan Ingila suka shimfiɗa wa hanyar jirgin ƙasa don kwasar amfanin gona. Su tashi cikin dare su hau Dutsen Adamu, mai tsayin mita 2,243, ta matakala fiye da 5,000, don su ga fitowar rana daga ƙololuwarsa. Su ƙarasa bakin teku a Gale, cikin ganuwar da Turawan Fotugal suka fara, na Holan suka faɗaɗa. Ko'ina kwana biyu, in ya yi yawa uku.

To, tambayar ita ce, wanda ya yi wannan zagaye ya san Siri Lanka? In ya zauna a majalisa ya ce mutanen ƙasar kaza ne, halinsu kaza ne, shaida ya bayar ko kuwa zato?

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a ba mai jakar goyo haƙƙinsa, gama yana da hujja. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, a ɗauki darasi. Ba kowa ke da shekaru da zai ɓatar a ƙasar wasu ba. Ma'aikacin da hutunsa mako uku ne, in an ce sai ya shekara kafin tafiyarsa ta yi amfani, an hana shi tafiya ke nan har abada. Saurayin da ya tsaya a kan Dutsen Adamu, ya ga sawun nan guda ɗaya wanda mabiya Buda ke cewa na Buda ne, mabiya Hindu na cewa na abin bautarsu ne, Musulmin ƙasar kuma suka daɗe suna danganta shi ga Annabi Adamu, ya kuma ga tsofaffi da masu goyo suna hawa cikin sanyi, lalle ya komo da wani abu a zuciyarsa wanda bai tafi da shi ba. Ya san duniya ta fi unguwarsu faɗi. Banda wannan, kuɗin da yake kashewa abinci ne ga mai masauki da mai tuƙa keke mai ƙafa uku da mai sayar da shinkafa. A 2022, lokacin da baitulmalin ƙasar ya ƙare, mutane suka riƙa kwana a layin mai, har shugaban ƙasa ya gudu a watan Yuli, kuɗin baƙi na cikin abubuwan da ƙasar ta fi bukata. Saboda haka wanda ya ce wannan tafiya wasa ce tsantsa bai yi adalci ba.

Amma fa gani daban, sani daban. An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana yabon wani, yana tsaya masa a kan shaida. Sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuwa cinikin kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba, ganinsa kurum ya yi. In mutum ɗaya ba ya sanuwa sai da maƙwabtaka ko wahalar hanya ko mu'amalar kuɗi, yaya al'umma mai mutum fiye da miliyan 20, mai harsuna biyu manya da addinai huɗu, za ta sanu ta tagar jirgin ƙasa?

Malaman fiƙihu sun auna wannan al'amari ta wata fuska, ko da yake ba shi suka nufa ba. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya yi tafiyar mil 48, watau kusan tsakanin Illela da Sakkwato, yana ƙasaru, yana mayar da salla mai raka'a huɗu biyu. Ba ya cika salla sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari. Ma'ana, kafin kwana huɗu Shari'a ba ta lissafa shi cikin mazauna garin ba, ƙafarsa ɗaya tana kan hanya. To, mai jakar goyo da ke sauya gari kowane kwana biyu zai shiga ƙasa ya fita, mako uku cur, bai cika Azahar ko sau ɗaya ba, sai in ya bi limamin gari. Shari'a ta sauƙaƙa masa domin ta san shi mai wucewa ne. Abin da ya rage shi ne shi ma ya san kansa da haka.

Ga kaɗan daga abin da mai wucewa ba zai gani ba a tsibirin nan. Zai ɗauki hoton mata masu tsinkar ganyen shayi da kwanduna a baya, ya ce gwanin sha'awa. Ba zai san cewa kakanninsu Tamilawa ne da Ingilishi suka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19 ba, da cewa dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta bar yawancinsu ba su da ƙasa shekaru masu yawa, da cewa da dama cikinsu har yanzu a jerin ɗakunan zamanin mulkin mallaka suke kwana. Zai yi wanka a tekun kudu, bai san cewa ran 26 ga Disamba 2004 igiyar ruwa ta kashe mutum fiye da 30,000 a ƙasar ba, har ta kifar da jirgin ƙasa cike da fasinja a kan wannan gaɓa. Zai ce ƙasa ce ta lumana, alhali daga 1983 zuwa 2009 yaƙin basasa aka sha. In Musulmi ne zai ji kiran salla ya yi murna, gama kusan mutum ɗaya cikin goma Musulmi ne a can. Amma ba lalle ne wani ya gaya masa ba cewa a 1990 'yan tawaye sun kashe masallata fiye da 100 a Kattankudi, suka kuma kori Musulmi daga arewacin ƙasar, ko cewa a 2020 gwamnati ta tilasta ƙona gawar duk wanda annobar korona ta kashe, har da Musulmi, ba a janye dokar ba sai a 2021, aka nemi gafara a 2024. Mutanen da suka yi masa murmushi a masauki suna ɗauke da duk wannan, ba su kuwa ga dalilin kwance wa baƙon kwana biyu kayansu ba. Baƙo raɓa ne, in rana ta fito ya tafi.

Mutumin Illela ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya gane wannan. A ƙaddara baƙi biyu. Na farko ya sauka ran Lahadi, kasuwa ta cika ta batse, ƙura ta tashi, dabbobi ba su ƙirguwa, ana cinikin Naira da Sefa. Ya koma garinsu ya ce Illela garin arziki ne, kowa na wadace. Na biyu ya sauka lokacin da aka rufe iyaka, ko tsakanin Agustan 2019 da Disamban 2020, ko bayan juyin mulkin Nijar, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Ya tarar da manyan motoci jere ba motsi, 'yan dako zaune. Ya koma ya ce Illela mataccen gari ne. Kowannensu abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma kowannensu ya yi kuskure. Babu ɗayansu da ya san cewa gida ɗaya ne aka raba biyu, wa yana Illela ƙane yana Ƙonni, ana aure ana biki tare; cewa Ingila da Faransa ne suka ja wannan layi a yarjeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906 ba da shawarar kowa ba; cewa a 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe jama'arsa. In ɗan Illela ya ji zafi a ransa da jin yadda baƙon yini ɗaya ya siffanta garinsu, to, sai ya tuna da wannan zafi ranar da shi ma ya zama baƙo a garin wasu.

Tarihi ya adana labarin wani matafiyi da ya haɗa tsibiran nan da ƙasar Sudan ta Yamma, watau Ibnu Baɗuɗa, mutumin Ɗanja ta Maroko. An haife shi a 1304, ya bar gida a 1325 da niyyar aikin hajji, bai ga ƙasarsu ba sai a 1349. A cikin wannan tsawon lokaci ya zauna a tsibiran Maldif, aka naɗa shi alƙali, sannan a 1344 ya ƙetara Sarandib ya hau Dutsen Adamu, har ya ba da labarin sarƙoƙin ƙarfe da masu hawa ke riƙewa. Ba mai gaggawa ba ne, malami ne masanin Shari'a, duk da haka labarinsa cike yake da darasi a kan iyakar sanin baƙo. A Maldif ya yi ƙoƙarin sauya suturar mata da ƙarfin hukunci, ya faɗa da bakinsa cewa bai iya ba. Ya yi aure-aure cikin gidajen manya, ya shiga rikicin fada, ya saɓa da waziri, ya tashi ya bar mata da ɗa a baya. Shi tafiya ta ci gaba, su kuwa suka zauna da abin da ya bari.

A 1352 ya ƙetare Sahara ya iso Walata, farkon ƙasar Mali. Aka karɓe shi da ƙwaryar dakakken gero da nono da ɗan zuma, abin da Bahaushe zai kira ɗan'uwan fura. Sai ya raina wannan liyafa, ya yanke wa mutanen ƙasar baki ɗaya hukuncin cewa ba abin alheri da za a samu wurinsu, har ya yi nadamar zuwa. Da ya juya a ranar, da wannan ne shaidar da zai bar wa duniya. Amma ya ci gaba, ya yi wata takwas a birnin Mansa Sulaiman, kuma da ya zo lissafa abin da ya gani, sai ga shi yana yabon ƙarancin zalunci a ƙasar, da amincin hanyoyinta, da yadda ba a taɓa dukiyar baƙon da ya mutu, da cikar masallaci ran Juma'a, da himmar iyaye wajen haddar Alƙur'ani. Mutum ɗaya ne, idanu ɗaya, ƙasa ɗaya. Abin da ya sauya shi ne tsawon zama. A 1353 ya biyo ta Takadda, yamma da Agadas, ya ambaci Gobir a matsayin ƙasar da ake kai wa tagulla, alhali bai taka ta ba, ji ya yi. Ke nan a littafi guda akwai abin da ya zauna ya sani, akwai abin da ya wuce ya gani, akwai abin da aka gaya masa, kuma masana tarihi har yau aikinsu ke nan, tace wannan daga wancan.

Magabata sun san wani irin tafiya kuma. An ruwaito cewa sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham don ya ji hadisi ɗaya tak daga bakin Abdullahi ɗan Unaisu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ba nisa da wannan iyaka, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas don karatu. Su sukan yi doguwar tafiya saboda abu ɗaya, su riƙe shi da kyau. Mai jakar goyo kuwa gajeriyar tafiya yake yi saboda abu ashirin. Ba haramun ba ne, amma kada ya auna abin da ya samo da mudun da aka auna nasu.

To, mene ne mafita? Ba a ce kowa ya zauna gida ba, ba a kuma ce sai mai shekara zai fita ba. Abin da ake nema ga baƙon mako uku abu uku ne.

Na farko, ya gyara niyya. In don ya ga ikon Allah a halittarsa ya fita, ko ya huta daga gajiyar aiki, ko ya rage jahilcinsa game da sauran 'yan Adam, duk niyya ce mai kyau. In kuwa don a ce wane ya je ƙasa kaza ne, ya tara hotunan da zai nuna wa tsara, to, wannan riya ce da ta sa takalmin tafiya. Alamarta ita ce mutum ya isa wuri, kafin ya dube shi da idonsa ya riga ya juya masa baya yana ɗaukar hoton kansa. Haka nan kuɗin tafiya kada su zama haƙƙin iyali ne aka tauye, ko bashi ne aka ƙi biya.

Na biyu, ya kiyaye haƙƙin masu gida. Garin da yake yawon buɗe ido a cikinsa, wurin zaman wasu ne, da maƙabartarsu da wurin bautarsu. Talaucinsu ba abin kallo ba ne. Kada ya ɗauki hoton mace ko yaro ko tsoho ba da izini ba, abin da ba zai yarda a yi wa mahaifiyarsa a kasuwar Illela ba. Kada ya matse ɗan dako ko mai masauki a kan 'yan kuɗin da shi ba su dame shi ba, su kuwa abincin yini ne. Wurin bautar da ba nasa ba, in ya shiga ya bi ƙa'idar masu shi, in ba zai iya ba ya tsaya waje da mutunci. Kada ya yi alkawarin da ya san jirgi zai raba shi da shi. In hali ya yi, ya rage yawan garuruwa ya ƙara yawan kwanaki. Gari uku da aka zauna sun fi goma da aka leƙa. Ya nemi masallacin unguwa, ya yi salla sahu ɗaya da mutanen wurin, ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, ya riƙe amanar labari. Mutanen da yake magana a kansu ba su nan balle su kare kansu, masu sauraronsa kuma galibi ba za su taɓa zuwa su tabbatar ba. Maganarsa ita ce za ta zama saninsu, su ma su gaya wa wasu. A da majalisa ɗaya ke jin labarin matafiyi, yanzu kuwa da wayar hannu dubbai ke ji kafin ya sauka daga jirgi. In direba ɗaya ya cuce shi, ya ce direba ɗaya ya cuce shi, kada ya ce mutanen ƙasar macuta ne, gama wannan ƙazafi ne ga miliyoyin da ba su san ma ya zo ba. In mai masauki ɗaya ya kyautata masa, ya yaba masa, amma kada ya ce ƙasar ba ta da matsala, gama wannan shafe kukan waɗanda aka zalunta ne. Ya bambanta tsakanin abin da ya gani, da abin da ya ji, da abin da ya zata, kamar yadda malaman hadisi suka bambanta lafuzzan ruwaya. Ya faɗi kwana nawa ya yi, da lokacin da ya je, domin mai sauraro ya san nauyin da zai ba maganarsa.

Idan ya kiyaye waɗannan, mako ukunsa ba su tafi banza ba. Ya buɗe ƙofa, ko da bai shiga ɗaki ba, kuma mabuɗi ai aikinsa ke nan. Zai komo ya fi tausayin baƙon da ya sauka a tashar garinsu bai san gabas ba bai san yamma ba, ko mai yawon buɗe ido ne, ko ɗan ci-ranin da yunwa ta goya wa tasa jakar. In an tambaye shi labarin tsibirin, zai ce ya ga kaza da kaza cikin kwana ashirin da ɗaya, sauran kuwa sai a tambayi masu ƙasar.

Allah ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa, ya mayar da su ga iyalansu lafiya, ya tsare harsuna daga shaidar abin da ba a sani ba. Amin.